Wai duk Turawa kanwar ja ce? Tambaya kan masu jin Turanci da abin da ake kira ƙasashen Yamma

Abu_Safwan_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Ƙanena da ke karatu a Glasgow ya kira ni, muna cikin gaisawa na ce masa ya mutanen Ingila. Sai ya ce, "Yaya, nan ba Ingila ba ce. Ranar da na kira mai gidan da nake haya ɗan Ingila, ajiye kofin shayinsa ya yi, ya zaunar da ni ya yi mini bayani na kusan rabin awa cewa shi ɗan Scotland ne." Abin ya ɗaure mini kai, domin ni tun tasowata Bature Bature ne. Kullum a labarai muna jin "ƙasashen Yamma sun ce kaza", kamar mutum ɗaya ne ke magana.

To ga tambayata. Mene ne ainihin abin da ya haɗa mutanen nan? Al'umma ɗaya ce da gaske, ko nisa ne ya sa muke ganinsu a dunƙule? Su kuma masu jin Turanci, wato Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostireliya da New Zealand, harshe ne ya mayar da su dangi? In harshe ne, ai mu ma a Najeriya da Turanci ake gudanar da gwamnati da kotu da makaranta, amma ban taɓa jin an lissafa da mu ba. Masu sani da mazauna can, a taimaka.

Sarkin_Yakin_Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Safwan, kar ka wahalar da kanka. Duk kanwar ja ce. A cikin gida suna iya 'yan gardandaminsu, amma da zarar maganar maslaha ta taso, ko za a far wa wata ƙasa mai rauni, bakinsu ɗaya. Ka tuna Iraƙi a 2003.

Zainab_Lauya:
Yaya Sarkin Yaƙi, misalin da ka kawo shi ne ya fi rushe maganarka. A 2003 Faransa da Jamus sun fito fili sun ƙi yaƙin Iraƙi. Kanada, wadda ke maƙwabtaka da Amurka kuma suke jin harshe ɗaya, ba ta shiga mamayar ba, haka ma New Zealand. Amurka da Birtaniya da Ostireliya da Poland ne suka tura sojojin mamaya. Kuma a ranar 15 ga Fabrairun shekarar, mutanen da suka cika titunan Landan suna adawa da yaƙin sun kai wajen miliyan guda.

Sarkin_Yakin_Fagge:
Sun yi zanga-zanga, an kuma yi yaƙin. Me ya canza ga mutumin Bagadaza?

Malam_Tarihi_Zariya:
Bari in fara da mai gidan hayar nan, domin dattijon yana da hujjarsa.

Abin da muke kira Ingila a bakinmu ƙasashe huɗu ne a ƙarƙashin sarauta ɗaya: Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa. Kuma kowace da hanyar da ta shigo. Wales da yaƙi aka ci ta a ƙarshen ƙarni na 13, daga baya a zamanin Sarki Henry na Takwas aka haɗe ta cikin dokokin Ingila. Scotland kuwa masarauta ce mai cin gashin kanta, ta sha gwabzawa da Ingila. A 1603 suka fara tarayya a sarki ɗaya, sai a 1707 aka haɗe majalisunsu ta hanyar yarjejeniya. Ko a lokacin ma Scotland ta riƙe tsarin shari'arta da cocinta da tsarin karatunta, kuma har gobe suna nan daban. Ireland an haɗe ta a 1801, aka yi ta tawaye, har a 1922 mafi yawan tsibirin ya balle, gundumomi shida na arewa suka zauna da Birtaniya.

A 1999 aka sake buɗe majalisar Scotland a Edinburgh. A ranar 18 ga Satumban 2014 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ballewa: kashi 55 suka ce a zauna, kashi 45 suka ce a tafi. Birnin Glasgow, inda ƙanenka yake, yana cikin wuraren da masu son ballewa suka yi rinjaye. Bayan shekara biyu aka yi ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai. Birtaniya gaba ɗaya ta zaɓi fita da kusan kashi 52, amma a Scotland kashi 62 ne suka ce a zauna, kuma dole suka bi sahu aka fita da su. Wannan ciwon bai warke ba. Saboda haka in ka ce wa mutumin Glasgow ɗan Ingila, ka taɓo masa tarihin shekaru ɗaruruwa.

Dan_Ball_Kurna:
Malam ya yi gaskiya. Mu 'yan kallon ƙwallo mun daɗe da sanin wannan. Ƙasa ɗaya, fasfo ɗaya, amma tawaga huɗu suke kaiwa wasannin neman shiga gasar cin kofin duniya. Kuma in Ingila na wasa, da yawa daga 'yan Scotland abokiyar karawarta suke goyon baya, ko wace ce.

Ummu_Hanan_Belfast:
Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata huɗu a Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa, kuma gani ya kori ji.

Lokacin da na zo, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne katangu. A tsakiyar birni, tsakanin unguwar Falls ta 'yan Katolika, masu ɗaukar kansu 'yan Ireland, da unguwar Shankill ta 'yan Furotesta, masu ɗaukar kansu 'yan Birtaniya, akwai doguwar katanga da ƙofofin ƙarfe da ake rufewa da dare. Mutanen ɓangarorin biyu farare ne, Kiristoci ne, Turanci suke yi da karin harshe iri ɗaya wanda ni da farko ko fahimtarsa ba na yi. In ka jera su ba za ka taɓa bambance su ba. Su kuwa cikin minti biyu sun gane juna: daga sunanka, daga makarantar da ka yi, daga wasan da kake kallo, har daga yadda kake furta harafin H. Akwai birnin da ke da suna biyu, wasu su ce Derry, wasu su ce Londonderry, kuma wanda ka zaɓa ya nuna ɓangarenka.

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 an kashe mutum wajen 3,500 a wannan ɗan yankin da al'ummarsa ba ta kai miliyan biyu ba. Na yi jinyar wata tsohuwa da aka kashe ɗanta a lokacin. Duk sanda na je ba ta magani sai ta riƙe hannuna ta ba ni labarinsa kamar jiya abin ya faru. Wani abu da ya burge ni a yarjejeniyar 1998 shi ne an rubuta cewa mutumin Ireland ta Arewa yana da 'yancin ya zama ɗan Ireland, ko ɗan Birtaniya, ko duka biyun. Ba a tilasta wa kowa ya bar sunan da yake kiran kansa ba. Ina da abokan aiki biyu a ɗaki ɗaya, unguwarsu ba nisa, fasfonsu daban.

Hajiya_Binta_Kd:
Ikon Allah! Ashe su ma suna da rikicin addini. Ni da na zauna a Kaduna na ga yadda gari ke rabuwa gida biyu, wannan bayanin ya shige ni. Allah ya ƙara tsare ki 'yata.

Malam_Tarihi_Zariya:
Hajiya, nasu ma ya yi muni ƙwarai. Daga 1618 zuwa 1648 an yi yaƙin shekara talatin a tsakiyar Turai, wanda ya faro daga rikicin Katolika da Furotesta, miliyoyi suka hallaka, musamman a yankunan Jamus. A Ingila dokar 1701 ta haramta wa ɗan Katolika hawa gadon sarauta, kuma wannan sharaɗin yana nan har yau. A Amurka sai a 1960 aka zaɓi ɗan Katolika na farko shugaban ƙasa, John Kennedy, kuma sai da ya tsaya gaban limaman Furotesta yana tabbatar musu ba Fafaroma ne zai riƙa juya shi ba. Ga yaƙe-yaƙen duniya biyu, waɗanda Turawa ne suka faro su a tsakaninsu. Haɗin kan da muke gani yau sabon abu ne, bayan 1945 aka gina shi, kuma tsoro ne ya taimaka: tsoron komawa yaƙi da tsoron Tarayyar Sobiyet.

Issoufou_Damagaram:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan Nijar ba mu taɓa ɗaukar Bafaranshe da ɗan Ingila abu ɗaya ba, domin iyakar da ta raba mu da 'yan uwanmu na Daura da Katsina ita ce shaidar takararsu. Anasaran da ya mulke mu da wanda ya mulke ku ba tunaninsu ɗaya ba. Na Faransa ya ce ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne, harshe ɗaya, jamhuriya ɗaya, shi ya sa a Faransa hukuma ba ta ƙidayar mutane bisa ƙabila ko addini. Na Ingila kuwa a takardar ƙidaya yana tambayar ka launinka da addininka. A makarantun gwamnatin Faransa an hana ɗalibai sa hijabi tun 2004, a Landan kuwa akwai 'yar sanda da hijabinta a cikin kayan aiki. To ta ina suka zama ɗaya?

Kuma Faransawa in suna maganar Amurka da Ingila sukan haɗa su su ce Anglo-Sakson, da nufin wasu mutane daban da su. Ku duba Beljiyam ma: masu jin Faransanci da masu jin Holanci sun kasa jituwa har ƙasar ta yi kwana 541 ba sabuwar gwamnati tsakanin 2010 da 2011.

Aminu_Montreal:
Malam Issoufou, ai ni a tsakiyar wannan rigimar nake zaune. Na zo Kanada da tunanin ƙasar Turanci na zo, sai na sauka a Montreal na tarar sai na koma aji na koyi Faransanci kafin in samu aikin kirki. Lardin Quebec, inda Montreal take, ya kafa doka tun 1977 da ta sa Faransanci ya zama harshen aiki da allunan shaguna, kuma 'ya'yan baƙi makarantar Faransanci suke zuwa. 'Ya'yana yanzu Faransanci ya fi zama a bakinsu, Hausa a gida, Turanci na uku. A 1995 lardin ya yi ƙuri'ar ballewa daga Kanada, masu cewa a zauna suka yi nasara da tazarar ƙuri'a kusan dubu 54 kacal. Saura ƙiris ƙasar ta rabe. Maƙwabcina dattijo har yau in an tuna ranar sai idonsa ya kawo ruwa, shi ballewa ya so.

Sarkin_Yakin_Fagge:
Na ji duk bayananku, kuma na karɓi gyaran Barista Zainab kan Iraƙi. Amma ku amsa mini wannan. Tun 1946 Amurka da Birtaniya suka ƙulla yarjejeniyar musayar bayanan leƙen asiri, daga baya Kanada da Ostireliya da New Zealand suka shiga, ake kiransu Idanu Biyar. Faransa ba ta ciki, Jamus ba ta ciki, duk da suna NATO tare. A Satumban 2021 Ostireliya ta soke cinikin jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku da ta ƙulla da Faransa, ta koma wajen Amurka da Birtaniya, har Faransa ta janye jakadunta daga Washington da Canberra don fushi. Naka sai naka. Ashe akwai ɗaki na ciki a gidan nan, kuma 'yan ɗakin su biyar ne. Indiya da Najeriya sun fi Ostireliya da New Zealand yawan masu jin Turanci nesa ba kusa ba, amma ba wanda ya gayyace su. In ba launin fata ba, mene ne?

Nafisa_Masters:
Wannan maganar ta taɓa ni. Tun daga firamare har digiri da Turanci aka koyar da ni, na ci Turanci a WAEC, amma da na tashi neman tafiya sai da na biya kuɗi masu yawa na rubuta IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci. Tafiyar ba ta yiwu a wannan karon ba, shekara biyu ta cika sakamakon ya daina aiki, na sake biya. Wai a shekara biyu Turancin nawa ya zube ke nan?

Zainab_Lauya:
Nafisa, na tausaya miki, da yawanmu mun sha wannan. Sai dai Yaya Sarkin Yaƙi, a kan biza maganar launi ba ta cika zama daidai ba. A jerin ƙasashen da Birtaniya ta yafe wa jarrabawar Turanci akwai Jamaika da Barbados da Trinidad da Guyana da Bahamas, waɗanda mafi yawan mutanensu ba farare ba ne. Ma'aunin da suka ce suna bi shi ne ƙasar da mafi yawan jama'arta Turanci ne harshensu na gida. Najeriya da Ghana da Kenya da Indiya ba sa ciki saboda mu muna da harsunanmu. Ana iya jayayya da ma'aunin, ni ma ina jayayya da shi, musamman wa'adin shekara biyun nan. Amma a kan Idanu Biyar ka fi ni hujja. Sauran ƙasashe huɗun nan mutanen Birtaniya ne suka je suka mamaye su suka zauna, suka rinjayi 'yan asalin wurin, saboda haka akwai dangantakar jini da ta yaƙe-yaƙen da suka yi kafaɗa da kafaɗa.

Baba_Dan_Agundi:
Ku bar ni in sa baki, ni tsoho ne. Ko Turawan da suka shigo ƙasar nan tamu, waɗanda muke yi wa kuɗin goro da sunan Turawan Ingila, ku bincika asalinsu. Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Scotland ne, kuma a Sakkwato ya rasu a 1827 a zuwansa na biyu. Barth da ya zo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim Bajamushe ne, gwamnatin Ingila ce dai ta ɗauki nauyin tafiyar. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909 kuma gidansa ke nan har yau, a Basel ta ƙasar Suwizalan aka haife shi. Shi kansa Lugard a Madras ta Indiya aka haife shi. Daular ce ta haɗa su. Ɗan Scotland da ke ƙorafi a gida, in ya zo nan a matsayin Di'o ko Razdan, da shi da ɗan Ingila hula ɗaya suke sawa. Shi ya sa kakanninmu ba su ga bambanci ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Malam_Tarihi_Zariya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan ita ce maganar da na so in kai. Akwai masana tarihinsu da ke ganin daular da addinin Furotesta da yaƙi da Faransa su ne suka ƙera sunan "ɗan Birtaniya". Da daular ta watse, coci ya rage jama'a, Faransa ta zama ƙawa, sai tsofaffin sunayen suka sake ɗagowa.

Ustaz_Kabiru_Sok:
Ni abin da nake so a lura da shi shi ne ita kanta "wayewar Yamma" da suke alfahari da ita ba tasu ba ce su kaɗai. Sukan ce ta faro daga Girka, ta bi ta Rum, ta zo musu. Amma littattafan Girkawa da dama ta hannun Musulmi suka koma Turai. A ƙarni na 12 a birnin Toledo na Andalus aka yi ta fassara littattafai daga Larabci zuwa Latin. Sharhin Ibn Rushd a kan Aristotle shi malamansu suka karanta, littafin likitanci na Ibn Sina an yi ɗaruruwan shekaru ana koyar da shi a jami'o'insu, kalmar aljabra daga littafin Khawarizmi ta fito. Addinin Kiristanci ma daga Falasɗinu ya je musu.

Dr_Sadiq_Leeds:
Ustaz, duk abin da ka faɗa haka yake, amma mu yi adalci. Aro ba ya hana abu zama na mai shi in ya sarrafa shi. Mu ma kalmomin Larabci sun cika Hausa, ba wanda ya ce Hausa ba tamu ba ce. Shi kansa Turanci haka yake: bayan da Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ne harshen fada na kusan shekara ɗari uku, kuma har yau taken da ke jikin tambarin sarautar Ingila da Faransanci aka rubuta shi.

In ka tambaye ni abin da ya haɗa ƙasashen masu jin Turanci bayan harshe, zan ce tsarin shari'a da na majalisa. Tun daga takardar Magna Carta ta 1215 da ta ce sarki ma yana ƙarƙashin doka, zuwa dokar haƙƙoƙi ta 1689 da ta ɗora majalisa a kan sarki wajen haraji da kafa doka. 'Yan Amurka da suka yi tawaye a 1776 da hujjojin da suka gada daga Ingila suka yaƙi Ingila. Alƙali a Ostireliya yana iya kafa hujja da hukuncin da aka yanke a Landan ko Kanada. Wannan gadon gaskiya ne, kuma yana aiki. Sai dai tambayar Malam Abu Safwan tana nan, domin Najeriya da Indiya ma sun gaji wannan shari'ar, Barista Zainab ma na san tana da hular gashin nan ta lauyoyi.

Zainab_Lauya:
Ina da ita Dakta, kuma a zafin Kano muke sa ta. Hukuncin kotunan Ingila har yau muna kawo su a matsayin abin dubawa.

Khadija_Brum:
Sannunku iyaye da yayye. Ku yi haƙuri da Hausata, a Birmingham aka haife ni, a gida na koya. Kuna ta magana a kan su, ni kuma ban san ko ina cikin "su" ɗin ba ko ina cikin "mu".

Ina da fasfon Birtaniya, ban taɓa zama a wata ƙasa ba. In an tambaye ni, cewa nake ni 'yar Birtaniya ce, Musulma, Bahaushiya, 'yar Birmingham. Amma kalmar "'yar Ingila" tana yi mini nauyi a baki, kuma ƙawayena 'yan asalin Pakistan da Somaliya haka suke ji. Kamar Birtaniya riga ce da kowa zai iya sawa, Ingila kuma jini ce. Abin mamaki, 'yar uwata da ta tashi a Glasgow ba ta jin nauyin cewa ita 'yar Scotland ce.

Ƙasar ta canza sosai. A ƙidayar 2021 a Ingila da Wales, waɗanda suka ce su Kiristoci ne kashi 46 ne, karo na farko da suka gaza rabi. Kashi 37 sun ce ba su da addini, Musulmi kuma miliyan 3.9. A farkon 2024 Firaminista Rishi Sunak ne, ɗan asalin Indiya mai bin addinin Hindu, shugaban gwamnatin Scotland Humza Yousaf ne, Musulmi, magajin garin Landan Sadiq Khan. Daga baya a shekarar Kemi Badenoch, wadda ta yi ƙuruciyarta a Legas, ta zama shugabar jam'iyyar Conservative.

Amma ina tuna daren 11 ga Yulin 2021, daren wasan ƙarshe na gasar cin kofin Turai tsakanin Ingila da Italiya. Ni da ƙannena mun sa rigar Ingila muna ihu. Da Saka da Rashford da Sancho suka ɓarar da fenareti, kafin gari ya waye an cika shafukansu da zagin launin fata. Ƙanena ya cire rigar, bai sake sa ta ba. Sai kuma bazarar 2024, bayan an kashe yara mata uku a Southport, aka baza ƙarya cewa Musulmi ne ɗan gudun hijira, alhali a Cardiff aka haifi wanda ya yi kisan. Aka far wa masallacin garin, tarzoma ta bazu. Mahaifiyata ta hana ni fita kwana huɗu. Kuma washegarin harin, mutanen unguwar, farare, su ne suka fito da tsintsiya da bulo suka gyara katangar masallacin. Duka biyun Ingila ce, kuma duka biyun na gani.

Hajiya_Binta_Kd:
Hausarki ta fita 'yata, Allah ya yi miki albarka, ya saka wa iyayenki da suka koya miki.

Sarkin_Yakin_Fagge:
Khadija, Allah ya tsare ku. Amma ki riƙe takardunki da kyau. Mutanen Karebiyan da suka fara zuwa a jirgin ruwan Windrush a 1948 su ma sun ɗauka sun zama 'yan gida. Bayan sun yi shekara arba'in, hamsin suna aiki suna biyan haraji, aka ce su kawo shaidar zama, wasu suka rasa aiki, wasu aka tsare su, wasu aka kore su. Sai a 2018 asiri ya tonu har ministar cikin gida ta sauka.

Bashir_Houston:
A Amurka abin da na lura shi ne layin da ke raba ɗan gida da baƙo matsawa yake yi. Akwai lokacin da 'yan Ireland da 'yan Italiya ba a ɗauke su cikakkun 'yan gida ba. A 1891 an kashe 'yan Italiya goma sha ɗaya a New Orleans a hannun gungun mutane, a 1924 kuma aka yi dokar da ta rage shigowar mutanen kudanci da gabashin Turai ƙwarai. Yau jikokinsu ba wanda ke tambayar su. Baƙaƙen fata kuwa, da suka riga yawancin waɗannan zuwa, sai a 1964 da 1965 aka kafa dokokin da suka kare musu haƙƙin zama daidai da na zaɓe.

Maganar harshe kuma, nan Houston akwai unguwannin da za ka wuni ba ka buƙaci Turanci ba, Sifaniyanci ake yi. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin Latin Amurka sun kai miliyan 62. Kuma Amurka ba ta da harshen hukuma a matakin tarayya sai a Maris na 2025 da Trump ya sa hannu a umarnin da ya ayyana Turanci.

Aminu_Montreal:
Ostireliya ma haka. Daga 1901 zuwa 1973 manufarta ita ce farare kawai za su shigo, yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta a waje aka haife su. Amma a 2023 da aka nemi a ba 'yan asalin ƙasar wata majalisar ba da shawara a tsarin mulki, kusan kashi 60 suka ƙi. New Zealand ta ɗan bambanta, harshen Maori, 'yan asalin ƙasar, na hukuma ne tun 1987.

Alhaji_Zango_Kumasi:
Ni dai wannan hira tana tuna mini da mu nan Zango. A Kumasi duk wanda ya fito daga Zango yana jin Hausa ana ce masa Bahaushe, alhali a cikinmu akwai Mosi da Dagomba da Wangara da Kotokoli da Zabarmawa. Na waje yana ganin mu ɗaya. Mu a ciki kowa ya san sarkinsa da gidansu. Ranar da wani abu ya taso wa Zango kuma, tare muke fita.

Sule_Bamenda:
Mu a Kamaru harshen Turawan ma shi ya raba mu. Tun 2016 da lauyoyi da malaman makaranta na yankin masu jin Turanci suka fara yajin aiki, abin ya koma yaƙi, mutane da yawa sun bar gidajensu, har da Hausawan Bamenda. A nan "mai jin Turanci" suna ne da ake mutuwa a kansa, kuma ba ɗan Ingila ko ɗaya a cikin masu mutuwar.

Abu_Safwan_Gwale:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Allah ya kawo muku sauƙi Malam Sule. Har yanzu dai ina tsakanin Sarkin Yaƙi da Dakta Sadiq: in na kalli Belfast da Quebec sai in ga ba ɗaya ba ne, in na kalli Idanu Biyar sai in ga akwai inda ba a shiga sai da dangantaka. Na tura wa ƙanena bayanin Malam Tarihi. Ya ce ya nuna wa mai gidan, dattijon ya ji daɗi, amma ya ce a gaya wa Malam cewa a 1707 cin hanci aka ba manyansu suka sa hannu, talakawa ba su yarda ba. Yanzu don kar a sake kuskure, in mutum bai tabbatar ba, ya ce ɗan Birtaniya ke nan ya huta?

Malam_Tarihi_Zariya:
Ka gaishe shi. An biya kuɗi ga wasu manya, an kuma yi bore a Edinburgh da Glasgow, wannan yana rubuce. Ko kuɗin ne ya yanke hukunci, nan ne masanansu suke saɓani har yau.

Ummu_Hanan_Belfast:
Malam Abu Safwan, a Glasgow wataƙila ka tsira da "ɗan Birtaniya", ko da yake wasu za su gyara maka. A unguwar Falls kuwa kar ka soma. Ni in sabon majiyyaci ya zo, sunansa kawai nake kira, in jira shi ya faɗa mini da bakinsa.